Maɓallin da ke cinye wa matafiya dala a ATM ɗin ƙasar waje

[Hoto: allon waya, alat na shigowa]

Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi iri ɗaya ke ta yawo a kwanakin nan tsakanin masu zuwa sari Dubai da masu dawowa daga Umara: mutum ya ciri dirhami dubu a ATM, alat ya shigo, ya ga an zare masa dala goma sha wani abu sama da lissafinsa. Sai ya ce bankinsa ya cuce shi. Sau da yawa ba bankin ba ne. Da yatsansa ya amince, a gaban na'urar, cikin daƙiƙa biyu. Wannan daƙiƙa biyun muka zo dubawa. Amma bari mu yi sauri mu gama da na gida tukuna.

[Hoto: katuna uku a kan tebur]

Juya katinka ka duba tambari. Visa ko Mastercard kake so ka gani. Verve na gida ne, kada ka dogara da shi a Makka ko Dubai. Idan katin naira ne, ka tuna bankuna da yawa sun rufe amfani da shi a waje a 2022, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da tasa iyakar. Don haka ka je reshe tun kafin ranar da za ka nufi filin jirgin Malam Aminu Kano, ka tambaya: an buɗe min? Dala nawa ce iyakata? Har da cirar kuɗi a ATM, ko siyayya kawai? Tambayar ƙarshen nan ita mutane ke mantawa. Mai asusun dala kuwa, ya karɓi katin dalarsa, ya tabbatar lambar sirrinsa na aiki. Layin wayarka na Najeriya ma ka sa a buɗe shi ya yi aiki a can, don ta nan alat da lambar tantancewa za su same ka.

[Hoto: hannu na saka kati a ATM]

To, ga ka a Dera, unguwar kasuwanci a Dubai. Ka sa katin dala, ka sa lamba, ka zaɓi dirhami 1,000. Nan ne fa. Mu tsayar da hoton.

[Hoto ya tsaya: allo mai zaɓi biyu]

Na'urar ta gane katin nan baƙo ne. Sai ta yi maka tayi: in canza maka kuɗin zuwa dala yanzu-yanzu, ka ga ainihin abin da za a cire maka? Har ta rubuto adadin, dala kaza da santi kaza. Mutum ya ga dala, kuɗin da ya sani, hankalinsa ya kwanta, ya danna amincewa. Ma'aikatan banki na kiran wannan tsari DCC.

Abin da ya faru shi ne, ka ɗauke aikin canji daga hannun Visa ko Mastercard, ka miƙa wa mai na'urar. Shi kuma farashinsa daban, da ribarsa a ciki. Duk Bakano ya san yadda ake canji a Wapa. Ka tambayi wannan, ka tambayi na kusa da shi, ka taya, in bai yi maka ba ka ƙara gaba. Ba wanda zai shiga Wapa da dala dubu ya miƙa wa mutumin farko ba tare da ya ji farashi ba. Amma a gaban ATM haka muke yi, don allon ya yi mana magana da ladabi.

Mu sa lissafi. Dirhami a ɗaure yake da dala, ba ya hawa ba ya sauka: dirhami 3.67 dala ɗaya. Dirhami 1,000 ke nan dala 272 da 'yan santi. Yanzu a ce na'urar ta ba ka nata farashin a 3.47. Misali ne, kowace na'ura da nata. A ido bambancin ba komai ba ne, 3.67 da 3.47. Amma raba dubu da shi, dala 288 za ka samu. Dala 16 ta tafi a cira ɗaya. Ɗan Kwari da ya ciri dirhami 5,000 a haka, kusan dala 80 ya bari a bango. Riyal ma haka yake, a ɗaure a 3.75, wato riyal 1,000 dala 266 da santi 67.

Ga dabara mai sauƙi, ku riƙe ta. Dirhami 100 dala 27 ce da 'yan santi. Riyal 100 bai kai dala 27 ba. Duk allon da ya nuna maka 28 ko 29 a kan ɗari, ka san an ɗora.

[Hoto: an zagaye maɓalli ɗaya da jan layi]

Wanda za ka danna shi ne wannan da muka zagaye, mai cewa a ci gaba ba tare da canji ba, ko a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ciki. Hajiya, na san abin da ke ranki: kina tsoron in kin ƙi, na'urar za ta fasa ba ki kuɗin. Ba za ta fasa ba. Canjinta kawai kika ƙi, kuɗinki zai fito cif. Ƙa'idar Visa da Mastercard ce a ba mai kati zaɓi, a kuma nuna masa farashin. Wata na'urar za ta sake tambaya, tana gargaɗin cewa ba ta ba da tabbacin farashi ba. Sake ƙi. Ni a ganina, yadda ake ƙawata maɓallin amincewa a bar ɗayan a rakuɓe, bai dace ba, musamman ga dattawanmu da ba sa karanta Turanci ko Larabci. In kana rakiyar Baba ko Inna, ka tsaya kusa a daidai wannan allon.

Kuma ba a ATM kaɗai ba. POS ɗin kanti da na otal ma kan yi wannan tambayar. Kafin ka sa lamba, kalli allon. In dala ka gani, ce wa mai kanti ya soke, ya sake bugawa da dirhami ko riyal.

[Hoto: layin mutane a gaban ATM]

Sauran a gurguje. Ko ka ƙi canjin, akwai cajin mai na'ura da na bankinka, kuma wani cajin a kan kowace cira yake, ba ruwansa da yawan kuɗin. Cira sau ɗaya mai kauri ta fi sau biyar ƙanana. Mai katin naira kuma, kuɗinsa sai ya bi ta dala kafin ya koma naira, a farashin bankinsa na ranar, ba na Wapa ba.

Nemi ATM da ke jikin reshen banki, da rana, don in ta haɗiye kati akwai wanda za ka yi wa magana. Lambar sirri kuskure sau uku, an kulle katin, kuma kada ka sa ran wani banki a can zai buɗe maka. Shi ya sa kati biyu ya fi, a aljihu daban-daban.

In kuwa an zare kuɗi na'ura ba ta bayar ba, kada ka sake gwadawa a wurin. Karɓi rasit, ɗauki hoton na'urar da lambarta, rubuta lokaci, ka tura wa bankinka na Najeriya a ranar. Su za su bi maka kuɗin ta hannun Visa ko Mastercard, kuma irin wannan yakan ɗauki makonni, ba kamar na gida ba.