Amsoshin Tambayoyinku: Kiwon Kare da Renon 'Yan Kwikwiyo

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu da saƙonnin waya da suka taru mana a wannan mako yawancinsu a kan kare suke, saboda haka muka ware masa filin gaba ɗaya. Za mu fara da saƙon da ba zai iya jira ba.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta rubuto jiya cewa karen maƙwabta ya ciji ɗanta mai shekara 7 a ƙwauri. Ta ce ciwon ɗan ƙarami ne, ko jini sosai bai yi ba, kuma kakar yaron ta sa an tsigo gashin karen an ƙona an shafa masa. Tana tambaya ko hakan ya wadatar.

Hajiya, bai wadatar ba. Idan kina jin mu yanzu, ki ajiye abin da ke hannunki ki kai yaron nan asibiti yau ɗin nan, ki ce kare ne ya cije shi, kina son allurar riga-kafin haukan kare. Girman ciwo ba shi ne abin dubawa ba. Ƙwayar cutar a cikin yawun kare take, kuma da zarar haƙori ya huda fata ta sami ƙofa. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara. Wannan jinkirin shi ke yaudarar iyaye: ciwo ya warke, yaro yana wasansa, an manta. Ranar da ya fara zazzaɓi da firgita, aka miƙa masa ruwa ya kasa haɗiya yana ture kofin da tsoro, to kusan babu wanda ke tashi daga wannan. Amma idan an fara allura da wuri aka kuma kammala ta, tana tare cutar tun kafin ta isa. Ana yin ta a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sauran kuma yadda likita ya tsara, kada a tsallake ko ɗaya. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska ne ko a hannu, akwai wata allurar da ake yi a bakin ciwon kansa, likita zai duba.

Ga sauran jama'a, abin da ake yi nan take idan kare ya ciji mutum shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 yana da tsawo, yawancinmu a minti biyu muke tsayawa. Kada a ɗaure da tsumma, kada a zuba toka ko barkono. Shi kuma karen, in an san mai shi, kada a yi gaggawar kashe shi. A ɗaure shi a ba shi abinci da ruwa a sa masa ido kwana 10. In ya wuce kwanakin nan garau, hankali ya kwanta. In ya mutu, ko ya ɓace, ko ya fara dalalar da yawu yana cizon itace da ƙasa, a sanar da likitan dabbobi, kuma kada a taɓa gawarsa da hannu tsirara. Ba a jiran kwana goman nan kafin a fara allura, tare ake tafiya da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ke ci mini rai shi ne allurar ba sabuwa ba ce. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro mai shekara 9 ita, ya rayu. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki riga-kafi, yaɗuwar cutar takan karye. To maƙwabcin Hajiya, da duk mai kare, a kai karen a yi masa allura yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana katin.

Sai wani matashi daga Funtuwa. Ya ce ya sayi ɗan kwikwiyo mai kamar mako 3, yana ba shi madarar gwangwani da koko, amma kuka yake kwana yi, cikinsa ya kumbura, yana zawo.

Ɗan'uwa, an raba shi da uwarsa da wuri. Kwikwiyo idonsa ma ba ya buɗewa sai ya yi kwana 10 zuwa 14, kuma bai kamata a yaye shi ba sai ya kai mako 8. In uwar tana nan kusa, ka mayar da shi ya ƙarasa shan nono, wannan ya fi duk abin da zan faɗa maka. In ba hali, ka daina ba shi madarar shanu, ita ke ƙara masa zawon, koko da sukari kuwa ba su da abin da zai gina jikinsa. Ka nemi madarar 'yan kwikwiyo a shagon maganin dabbobi. Daga mako na 4 ka fara dama masa abinci ruwa-ruwa da dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Kukan dare kuma sau da yawa sanyi ne, don a makonnin farko jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba, da 'yan'uwansa yake cuɗuwa. Ka sa shi a kwali da tsofaffin tsummoki, ka naɗe gorar ruwan ɗumi ka ajiye a gefensa, musamman da hunturu.

Kumburin cikin nan kusan ko da yaushe tsutsa ce, domin yawancinsu daga uwa suke ɗaukowa. Ana ba su maganin tsutsa tun suna mako 2, a maimaita duk bayan mako biyu har su kai wata 3, kuma da nauyinsu ake aunawa, shi ya sa likita ne zai ba ka. Ka tambaye shi allurar da ake farawa a mako 6 zuwa 8, wadda ke kare su daga cutar da ake kira fabo, mai sa amai da zawon jini mai ƙarni, wadda kan gama da kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Kafin ya kammala allurai kada ka bar shi yawo a layi. Albasa da tafarnuwa da cakulan da zabibi guba ne ga kare, dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji, kuma kada ka ba shi maganin ciwon kai na mutane.

Wani maharbi daga ƙasar Birnin Gwari ya ce kaska ta addabi karnukansa, an ba shi shawara ya fesa musu fiya-fiya, wanda ke da ƙazwa kuma ya shafa masa baƙin mai.

Malam, don Allah kada ka yi. Fiya-fiya tana ratsa fata, kuma kare zai lashi jikinsa, sai ka ga yana karkarwa yana kumfa. Baƙin mai yana ƙona fata, in ya lasa ya lalata masa ciki. Akwai maganin wanka da na ɗigawa a ƙeya da ƙwayar haɗiya da aka yi don karnuka. Amma ka sani kaskar da kake gani maƙale a kunne da tsakanin yatsu kaɗan ce. Macen in ta ƙoshi sai ta saki ta faɗi, ta shige tsagar katanga ta zuba dubban ƙwai, don haka sai an yi feshi a makwancinsu an liƙe tsagogin. Ka riƙa ɗaga leɓen karenka kana duba dasashi. In ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya koma ja, kaska ta sa masa cutar da ke cinye jini, sai asibiti.

Daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wani mai sauraro yana son fara kiwo don sayarwa. Yana tambayar yaushe ake yi wa karya barbara, kwana nawa take ɗaukar ciki, kuma wane irin karen Turai ya fi.

Karya takan fara neman namiji tana da wata 6 zuwa shekara, daga nan kusan sau biyu a shekara, kowanne ya ɗauki mako biyu zuwa uku. Kada a yi mata barbara a karon farko, ita ma ba ta gama girma ba, a bari ta kusa shekara 2. Yawanci daga kwana na 9 zuwa na 14 da fara ganin jini take karɓar namiji. Bayan barbara sukan manne da juna na ɗan lokaci, wani sa'in har rabin awa. Halittarsu ce haka, kuma jifa da dukan da yara ke yi musu don su rabu yana ji musu mummunan rauni, manya su riƙa tsawatarwa. Ciki kwana 63 ne, da 'yar gaba da 'yar baya. In ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, a kira likita. Kada a haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa. Kuma kafin ka fara, ka san gidajen da za su karɓi 'ya'ya shida ko takwas, domin waɗanda aka rasa inda za a kai su ne ke komawa bin bola ba riga-kafi.

Game da iri, ni ba zan tura ka ga karnukan ƙasashen ƙanƙara masu tulin gashi ba. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma bazarar Maraɗi da Sakkwato takan wuce digiri 40. Sai ka ga an sayo shi da tsada an ɗaure a rana yana wahala. Alhali ga karen Azawak na Abzinawa a ƙasarku, dogo siriri mai gudu da gadi, wanda yau Turawa ke kiwonsa da alfahari. Karnukanmu na gida ma, in sun sami abinci da allura, ba su da raini.

Wani daga Zariya ya ce yana son karensa ya yi zafi, an ce ya riƙa zuba masa barkono a abinci yana kulle shi a ɗaki mai duhu. Malam, abin da za ka samu shi ne kare mai tsoro da ƙuncin rai, wanda bai san na gida da baƙo ba, kuma ɗanka ne mafi kusa da bakinsa. Karen gadi na kirki shi ne wanda ya san mutanen gidansa, yake jin kira, yake haushi in ya ga baƙuwar fuska.

Ta ƙarshe daga Kumasi take, a kan ko ya halatta Musulmi ya ajiye kare. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, wanda ya ajiye ba don haka ba kuma ladansa na raguwa kullum. A cikin littattafan biyu kuma akwai hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa. Batun gadin gida da hukuncin sayarwa akwai bayanin malamai a kai, sai a tuntuɓe su.

Mai neman likitan dabbobi ya fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da shi. Akwai kuma asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos. Hajiya ta Gusau, muna jiran saƙonki cewa an fara wa yaron allura. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.