Me Ya Sa Sinawa Ke Rage Citta Idan Kaka Ta Shigo?

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan jadawalin na maganin gargajiyar ƙasar Sin da kuke gani ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, kuma shi ne ya jawo tambayar da za mu amsa a yau. A layin da ya shafi kaka an jera ƙarfe, da huhu, da farin launi, da bushewa, sai kuma ɗanɗanon yaji. Duk wanda ya karanta shi a gurguje zai ɗauka cewa masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna umartar mutum ne ya dage da citta da tafarnuwa da barkono da zarar kaka ta kama, domin huhunsa ya yi ƙarfi, alhali kuwa tsofaffin littattafansu cewa suka yi a rage yaji a ƙara tsami.

Kakar da ake magana a kai ta ƙasar Sin ce. Kalandar manomansu ta raba shekara gida 24 bisa tafiyar rana, tsarin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2016, kuma gida shida daga ciki na kaka ne. Tana farawa da Liqiu, wato shigowar kaka, wajen 7 ko 8 ga Agusta, ta ratsa Bailu, wato farar raɓa, da Hanlu, wato raɓa mai sanyi, ta ƙare wajen 7 ga Nuwamba. Ku dubi harafin da suke rubuta kaka da shi: ɓarinsa na hagu zangarniyar hatsi ce, na dama kuma wuta, don haka su ma, kamar Bahaushe, girbi ne ke fara zuwa musu a rai idan an ambaci wannan lokaci.

Shi jadawalin ya fito ne daga tsarin abubuwa biyar, itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, wanda a kansa suka ɗora yanayin shekara da kayan cikin mutum da ɗanɗanon abinci. Huhun da suke nufi ya fi wanda ake gani a hoton asibiti faɗi, domin a wurinsu ya haɗa da numfashi da hanci da maƙogwaro da fatar jiki, kuma abokin aikinsa shi ne babban hanji. Shi ya sa tsagewar leɓe, da busasshen tari, da kaushin fata, da taurin bayan gida duk suke zama matsala guda a idon likitansu, wadda yake kira bushewar kaka.

To, a nan ne ake yin tuntuɓe. Jadawalin ya ce yaji ɗanɗanon huhu ne, ma'ana idan an ci shi can yake nufa, amma bai faɗi abin da yake yi ba idan ya isa. Ku lura da wannan bawan Allah da ke gaban tukunyar miya mai barkono. Goshinsa ya jiƙe, hancinsa ya fara zuba, yana ta jan iska ta baki, kuma ga shi ya miƙa hannu wajen ƙyalle a karo na uku. Wannan shi ne aikin yaji a fahimtarsu, yana buɗe ƙofofin jiki, yana turo abin da ke ciki zuwa waje. Kaka kuwa lokacin tattarawa ce, lokacin da itace ke janye ruwansa zuwa saiwa, manomi ke kai hatsi rumbu, don haka jiki ma ana son ya riƙe danshinsa. Idan iska ta riga ta bushe tana zuƙe ruwan fata da na maƙogwaro, sannan mutum ya ƙara mata da abin da ke sa gumi, ya zama kamar mai yawan jefa guga a rijiyar da ta fara ƙafewa.

Littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa sama da shekara 2,000 da suka wuce kuma shi ne tushen wannan ilimi, ya bayyana cewa huhu tattarawa yake so, tsami ne ke tattara shi, yaji kuma zubar da ƙarfinsa yake yi. Wanda ya taɓa tsotsar tsamiya ya san yadda baki ke tsukewa, yawu ya taru, kuma wannan tsukewar ce suke nufi. Akwai dalili na biyu daga Sun Simiao, babban likitan zamanin daular Tang wanda ya rasu a shekarar 682, wanda ya rubuta cewa a kwana 72 na kaka a rage yaji a ƙara tsami domin a ciyar da hanta. A tsarin nasu ƙarfe ne ke saran itace, kamar gatari da bishiya, kuma huhu yana ɓangaren ƙarfe, hanta tana ɓangaren itace, saboda haka a lokacin da ƙarfe ke ganiyarsa gara a tallafi wanda ake sara. Kada adadin 72 ya rikita ku: sun ɗauki shekara a kwana 360, suka raba ta biyar, wato suka yanke kwana 18 daga ƙarshen kowane ɗaya daga yanayi huɗu suka ba wa ƙasa, ɗaya daga abubuwa biyar ɗin.

Sai dai kalmar da Sun Simiao ya yi amfani da ita ragewa ce, ba dainawa ba, kuma a nan ne waɗanda suka gano kuskuren farko suke faɗawa cikin na biyu. Akwai karin maganar Sinawa da ke cewa a cikin shekara kada a ci citta da kaka, a cikin yini kada a ci ta da dare, amma su kansu likitocin ba su ɗauke ta a matsayin doka ba, domin bushewar kaka iri biyu ce a wurinsu. A farkon kaka zafi bai tafi ba, har ma yakan dawo da ƙarfi, abin da suke kira damisar kaka, kuma mai tari a lokacin yakan ji ƙishirwa da zafin maƙogwaro, kakinsa kaɗan ne mai danƙo. A ƙarshen kaka kuwa bushewar tana zuwa ne da sanyi, mutum yana jin ɗari, hancinsa a toshe, ba ya gumi, kakinsa ruwa-ruwa. Likita Wu Jutong, a littafin da ya kammala a shekarar 1798, ya ba kowanne irin nasa haɗin magani. Na farkon, Sang Xing Tang, yana ɗauke da ganyen bishiyar da tsutsar siliki ke ci da ɓawon ɗan itace mai sanyaya maƙogwaro. Na biyun, Xing Su San, idan kuka duba kayan da aka jera a kan wannan takarda, ga ɗanyar citta nan a yayyanke a cikinsu.

Ni kaina mutum ne da ba ya jin daɗin tuwo sai da yaji a gefe, don haka na so a ce jadawalin ne ke da gaskiya. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne barkono bai shiga ƙasar Sin ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, daga nahiyar Amurka, wato Sun Simiao bai taɓa ganinsa ba, citta da albasa da tafarnuwa yake nufi. Mutanen lardunan Sichuan da Hunan kuma, waɗanda iskarsu ke da laima, ba su fasa cin barkononsu ba. A ganina bai kamata a ɗauki zancen ƙarfe da itace a matsayin abin da kimiyyar zamani ta tabbatar ba, hanya ce ta tsara tunani. Amma cewa barkono yana tayar da tari gaskiya ne, har likitocin zamani suna amfani da sinadarin da ke sa shi zafi wajen gwajin tari, kuma duk wanda hunturu ya taɓa tsaga wa leɓe ya san yadda yaji ke yi masa.

Sauran shawarwarin ba su da wahalar ganewa. A kwanta da wuri a tashi tare da zakara, a kwantar da rai domin baƙin ciki ne ke taɓa huhu a lissafinsu, kuma kada a yi gaggawar lulluɓa da kaya masu nauyi tun sanyi bai kankama ba, sai dai tsofaffi da yara da marasa lafiya ba sa cikin wannan. Abincin da suke yabawa ya haɗa da zuma, da riɗi, da saiwar wani nau'in bado, da inabi, da rumman.

Ga kuma abin da iyaye mata suka fi dafawa. Wannan ɗan itacen, Sinawa na kiransa li, Turawa kuma na kiransa fiya, amma ba fiyar kasuwanninmu ba ce mai ƙaton ƙwallo da maiƙo, wannan ɗan'uwan tuffa ne, fari a ciki, cike da ruwa. Ana yanke samansa kamar murfi, a ƙwaƙule 'ya'yan da cokali, a jefa dunƙulen sukari mai kama da ƙanƙara a ramin, a mayar da murfin, a zaunar da shi a ƙaramin kwano a turara har ya yi laushi. Mai ciwon sukari ya bar sukarin, kada kuma a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma a madadinsa. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini, ko da ramewa da gumin dare, na asibiti ne, a je a yi gwajin tarin fuka. Yanzu ku dubi yadda cokali ke nutsewa a cikinsa, da ruwan da ya taru a gindin kwanon, wanda shi ake fara kurɓa tun yana da ɗumi.