Rage Ƙiba Ba Tare da Cutar da Jiki Ba: Daga Ina Za a Fara?

Assalamu alaikum masu kallonmu. A cikin al'ummarmu an daɗe ana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, har idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. Amma likitoci sun tabbatar da cewa kitsen da ya yi yawa, musamman wanda ke taruwa a ciki, yana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa.

Abu na farko shi ne mutum ya san inda yake. Akwai lissafin da likitoci ke kira BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, sannan a sake raba abin da aka samu da tsawon. Wanda nauyinsa ya kai kilo 90 kuma tsawonsa mita 1.70 ne, zai sami kusan 31. Daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba sosai. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan sauƙi, wanda igiya kawai yake buƙata: ku auna tsawonku da igiya, ku ninke ta gida biyu ta koma rabin tsawonku, sannan ku zagaya ta a ƙugunku daidai wajen cibiya. Idan igiyar ba ta haɗu ba, to kitsen ciki ya yi yawa.

Bayan haka sai a sa buri wanda hankali zai ɗauka. Mutane da yawa suna so su zubar da kilo 20 kafin biki ko kafin Salla, kuma wannan gaggawar ce ke jefa su hannun masu sayar da shayin rage ƙiba. Yawancin irin wannan shayi yana sa gudawa ne ko yawan fitsari, kamar yadda filasko ke yi, don haka abin da ke fita ruwa ne, kitsen kuwa yana nan daram. Mafi muni ma, an sha gano wasu kayan rage ƙiba da aka cusa wa sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Abin da jiki ke iya jurewa shi ne rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Kuma kada a raina kaɗan: wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki sun rage haɗarin kamuwa da cutar da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wannan bai wuce kilo shida da ɗan wani abu ba.

A ganinmu, wurin da ya fi dacewa a fara shi ne kofi, wato abin da muke sha, kafin a zo ga kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Kwalba ɗaya ta lemo mai santilita 50 tana iya cinye wannan adadin gaba ɗaya. Ku ƙara da shayin safe mai cokali huɗu na sukari da madarar gwangwani, da kunun rana, da zoɓon da aka zaƙaƙa, da furar dare wadda ita ma sai an zuba mata sukari. Duk waɗannan suna shiga ciki ba tare da sun ƙosar ba. Wanda ya rage cokali ɗaya kowane mako, harshensa zai saba kafin ya ankara.

Game da abinci kuwa, babu buƙatar barin tuwo ko neman kayan cefanen Turawa masu tsada. Matsalar tana ga yadda muke cika kwano: malmala uku ta tuwo da miya 'yar kaɗan, ko tulin shinkafa da mai yana ƙyalli a kai. Sai a juya lissafin. Rabin kwano ya zama ganye, irin su zogale da rama da alayyafo da kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake ko ƙwai ko kifi ko nama, sauran kuma tuwon. Dawa da gero da acca da alkama da ba a cire musu dusa ba sun fi farar shinkafa da farin burodi riƙe ciki. Mai kuma a riƙa auna shi da cokali maimakon a tuttula daga galan, domin cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) kusan 120. Ƙosai da soyayyen dankali da fanke su koma na lokaci-lokaci, kuma a kula da su sosai a watan azumi, lokacin da wasu ke ƙara nauyi saboda yadda ake cika faranti da soye-soye a buɗa baki.

Motsa jiki na minti 150 a mako ya isa a fara da shi, wato tafiya da sauri ta minti 30 a kwana biyar. Tafiya zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa maimakon hawa babur tana cikin lissafi, haka ma zagaya tsakar gida ga uwargidan da ba ta cika fita ba. Barci na aƙalla awa bakwai shi ma yana taimakawa, domin ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Bayan 'yan watanni nauyi yakan tsaya cak, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da. Wannan ba dalilin komawa gidan jiya ba ne, sai dai a sake duba abin da ake ci da tafiyar da ake yi. Mai juna biyu da mai shayarwa, da duk wanda ke shan maganin ciwon sukari ko na hawan jini, su nemi shawarar likita kafin su sauya cimarsu, domin rage abinci alhali ana kan wasu magungunan sukari yana iya sa sukarin jini ya faɗi ƙasa har mutum ya suma.