Idan Kile Ya Ƙi Tada Kwamfuta: Laccar da Aka Gabatar a Damagaram

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, da yawanku masu kwamfutar gwanjo kuna neman ɗora Ubuntu ko Linux Mint, wato tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, kusa da Windows ta hanyar kilen USB, kuma koken da ya fi zuwa kunnena shi ne: "Malam, na sa kile, ya ƙi tashi."

Sau da yawa kilen lafiyarsa lau, yadda aka rubuta shi ne bai dace da yadda injin yake tashi ba. Kwamfuta tana tashi ta hanya biyu, tsohuwar BIOS ko UEFI. Idan ka buɗe Rufus, manhajar da ake rubuta kilen da ita, ka zaɓi GPT (ɗaya daga salo biyu na tsara faifai, ɗayan shi ne MBR), alhali injinka tsohuwar hanya yake bi, ko ka kwana kana danna F12 ba zai tashi daga kilen ba. Saboda haka ka fara rubuta msinfo32 a cikin Windows, ka ga wace hanya yake bi, sannan ka zaɓi GPT ga UEFI, MBR ga BIOS. Na nace a kan wannan domin ko da girkawar ta yiwu, matuƙar Windows da Linux suka bi hanya daban-daban, Windows zai ɓace daga jerin zaɓin da ke fitowa idan an kunna injin, mutum ya tashi hankalinsa yana zaton aikinsa na shekaru ya tafi.

Maɓallin zaɓar inda injin zai tashi kuwa, F12 ne a Dell, F9 a HP.

Akwai wani ɗalibi da ya zo mini daga Birni, ya rubuta kilensa sau huɗu, kullum girkawar tana tsayawa a tsakiya. Da muka gwada lambar SHA256, wato lambar tantance ingancin fayil, ta fayil ɗin ISO (fayil ɗin girkawa da ake zubawa a kile) da wadda ke shafin Ubuntu, sai muka tarar sun saɓa, ashe intanet ta yanke masa cikin dare fayil ɗin ya sauko a gurguje. Kafin ku zargi kile, ku duba wannan, ku kuma canza ramin USB, domin ƙurar hunturunmu tana toshe shi.

Ina roƙonku, kafin ku taɓa Secure Boot, wato tsaron tashin injin da ke cikin UEFI, ko ku rage wa Windows fili a faifai, ku kashe Fast Startup, wato saitin saurin tashi na Windows, ku kwashe takardunku zuwa wani wuri. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, ya rubuta lambobin nan 48 na buɗe shi a takarda ya adana, domin ranar da Windows ya tambaye su babu mai gyaran da zai buɗe masa ba tare da su ba.