Manhajojin Da Ba Sai An Sato Ba: Lacca Ga Matasanmu A Agege

Wani mai gyaran kwamfuta ne ya gabatar da wannan lacca ga matasan Hausawa a Agege, Legas, bayan sallar La'asar. Daga faifan da aka naɗa muka rubuto ta, mun rage gaishe-gaishe.

Iyayenmu da ke gaba, malamai, 'yan uwa, sannunku da zuwa. Na ga na Mile 12, na ga na Idi-Araba, Allah ya saka wa kowa da alheri kan wannan cunkoso da kuka ratso.

Wanda ke da VLC, manhajar kallon bidiyo da sauraron sauti, a wayarsa ya ɗaga hannu. Ita ce mai hoton abin nan mai tsini, ruwan lemo da fari, da ake jerawa a titi in ana gyara. Kun gani, kusan kowa. To wa ya biya ko kwabo? Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, a 2001 aka sake ta ga duniya, kuma har yau ba ta saka maka talla.

Amma kada ku ce kyauta ce kawai. Facebook ma ba a biya, sai dai ba ka san abin da ke cikinsa ba. Mu da muka san tsire za mu gane. In mai tsire ya yanko maka ya ce ci, kyauta ya yi maka. In kuwa ya faɗa maka duk abin da ya zuba a yajin, ya ce ka ƙara, ka rage, ka koya wa wani, har ka kafa naka teburin, ya ba ka 'yanci. Wannan na biyun shi Richard Stallman ya sa a gaba a Amurka tun 1983, lokacin da ya fara aikin GNU, na samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin dubawa, gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Yanzu in taɓo inda ke mana ciwo. Ka sayi tsohuwar kwamfuta a Computer Village, a Ikeja, a ce za a zuba maka komai. Abin da ake zubawar galibi na sata ne, an fasa makullinsa. Wata uku sai ta fara nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri, domin wanda ya fasa makullin yakan cusa tasa cutar a ciki. Ga kuma haƙƙin masu manhajar, wannan na bar wa malamai. (Dariya.) Alhali ga LibreOffice, tun 2010 take, tana rubuta wasiƙa, tana lissafin shago, tana buɗe takardun Word da Excel. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin takardar da aka tsara a Word takan ɗan karkace in an buɗe ta a nan. Ni dai in zan tura wa ofis takarda, sai in mayar da ita PDF, magana ta ƙare.

Wadda na fi ƙauna ita ce Audacity, manhajar gyaran sauti. Duk mai naɗar wa'azi a Legas ya san abokin gabarsa janareta. Sai ka zaɓi wurin da malam ya yi shiru, ka nuna mata cewa wannan gurnanin shi ne ƙarar, ta bi karatun duka ta rage shi. Kada dai ka matsa mata da yawa, muryar malam za ta koma kamar daga cikin randa yake magana. Masu haska tafsiri kai tsaye da azumi kuwa, OBS Studio ta ishe ku.

Masu zane, akwai GIMP, akwai Inkscape. Sai dai in a Shomolu za ka buga aikinka, sau da yawa CorelDraw za su tambaye ka, don haka ku yi magana da mai injin tun kafin ka fara.

Wani ɗan'uwa can baya yana tambaya, su masu yin waɗannan manhajojin me suke ci? Wasu gudummawa suke karɓa, wasu kamfanoni ke biyan su albashi saboda su ma da manhajar suke aiki. Firefox kuwa, manhajar shiga intanet, mafi yawan kuɗinta daga Google yake zuwa, saboda an sa shi a matsayin wurin bincike na farko.

Na ga ladan ya miƙe. Asabar mai zuwa, mai tsohuwar kwamfutar da ya fid da rai da ita ya kawo, mu gwada mata Linux Mint, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows. Amma don Allah ku kwashe hotunanku da takardunku a filashi tukuna, kada a zo ana neman hoton biki a wurina.