Rawani Ba Naɗi: Sharhi Kan Shugabancin Ƙungiyoyinmu na Sana'a

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Makon jiya wani tela ya tare ni a bakin babbar kasuwar Garwa, ya ce, "Malam, ku da kuke magana a rediyo ku tambayar mana, wa'adin shekara uku shekara nawa ne?" Na yi dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce an zaɓi shugaban ƙungiyarsu tun ɗansa na fari yana goye, yau yaron har ya iya taka keken ɗinki, ba a sake zaɓe ba. Duk sanda aka tada maganar babban taro sai a ce a bari sai bayan Sallah. Ƙarama ta wuce, a ce ai babba ake nufi. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, don in na faɗa, wasu goma za su yi ajiyar zuciya su ce ba da su ake ba, alhali da su ake.

Shugabancin masu sana'a ba baƙo ba ne a ƙasar nan tamu ta Kamaru. Tun kafin Bature ya zo, a fadar Lamiɗon Garwa da ta Marwa da ta Ngaundare akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Shanu, kuma har gobe da sunayensu na Hausa ake kiransu ko da Fillanci ake zance. Lamiɗo ke naɗa su, ba su da wa'adi, sai mutuwa ko tuɓewa. Amma ku dubi abin da ke ƙarƙashin rawanin. Baƙon mahauci ya shigo gari, gidan Sarkin Fawa zai sauka. Wani ya ɗauki sa bashi a kara ya ƙi biya, ƙofar Sarkin Fawa mai shanu zai je ya tsaya, kuma kunyar tasa ce kafin ta zama ta mai bashin. In aka sayar wa jama'a da mushe, shi za a kira fada ya yi bayani. Yana da na gaba da shi, wanda ya ɗaura rawanin yana iya warware shi.

Sai zamani ya juya. Ranar 19 ga Disamban 1990 aka sa hannu a doka mai lamba 90/053 da ta ba 'yan Kamaru 'yancin kafa ƙungiya. Abin da sauƙi: ku rubuta sunan ƙungiya da manufarta da mazauninta da sunayen shugabanni, ku haɗa da tsarin mulkinku, ku kai ofishin Parfe, wato babban jami'in gwamnati na yankinku. In ya yi shiru har wata biyu, doka ta ce ya amince. Ranar 14 ga Agustan 1992 wata dokar ta biyo baya, ta ƙungiyoyin gama kai da ƙananan ƙungiyoyin da muke kira GIC, waɗanda manoman auduga masu hulɗa da kamfanin Sodecoton suka fi kowa sani. Daga nan ƙungiyoyi suka yi ta tsiro kamar ciyawar damina: teloli, makanikai, majema, dillalan albasa, direbobi, daga baya 'yan babur da muke kira kalando. Wannan alheri ne, ba na musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar tsarin mulkin kanta. Da Faransanci aka rubuta ta. Sau da yawa wani mai buga takardu ne a bakin ofis ya kwafo ta daga ta wata ƙungiya, ya canza suna, aka biya shi ladansa. Waɗanda za ta mulka kuwa Hausa da Fillanci suke ji, da yawansu ba a taɓa karanta musu ko layi ɗaya ba. A cikinta an rubuta wa'adi, an rubuta ranar babban taro, an rubuta aikin magatakarda da na ma'aji da na mai binciken kuɗi. Ana karɓo takardar shaida daga ofishin Parfe sai a ninke ta a jefa a akwati, tambarin ƙungiya kuma ya koma aljihun mutum ɗaya. Abin da muka samu ke nan: shugaba ya ɗauko zaman dindindin daga wurin sarki, ya ɗauko tambari daga wurin Bature, ya bar nauyin da ke kan kowannensu. Babu Lamiɗon da ya naɗa shi balle ya tuɓe shi, babu taron da ke zama balle ya tambaye shi.

Mu taɓa kuɗi, don a nan yawancin rigimar take kwana. A ce 'yan kalando 200 ne a ƙungiya, kowa yana ba da sefa 500 a wata. Sefa 100,000 ke nan duk wata, 1,200,000 a shekara. An ce ana tarawa ne don ranar tsautsayi: wanda ya yi haɗari, wanda aka kama wa babur, wanda ya rasu ya bar iyali. To sai yaro ya karye a hanyar Pitoa, a kai shi asibiti, ka ga an sake zagayawa da hula ana neman ɗari-ɗari. Ina asusun?

Ni dai a abin da na gani, ba da sata ake farawa ba. Da rance ake farawa. Lokacin kakar albasa ya zo, shugaba ya ce wa ma'aji, wanda galibi ƙaninsa ne ko surukinsa, kuɗin nan suna kwance ba amfani, a ba shi ya juya su ya mayar har da riba. Ya sayi albasa ya ajiye yana jiran ta yi tsada a Duwala, ta ruɓe, ko farashi ya faɗi. Yanzu akwai rami a littafi. Mutumin kirki ne, yana da niyyar cikewa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma babban taro shi ne ranar wankan. Sai a ɗaga taro. Shekara ta zagayo ramin ya ƙara zurfi, a sake ɗagawa. Idan kuka ji an ce "a bari sai bayan Sallah" sau uku a jere, ku daina duba kalanda, ku nemi littafin ma'aji.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan ƙungiya fa? A kira taro ƙarfe huɗu, mutum ashirin su zo cikin ɗari biyu, sauran suna neman na cefane, kuma ba na ganin laifinsu sosai. Waɗanda suka zo ɗin kunya ta rufe musu baki. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar zai miƙe ya ce wa Alhaji, wanda ya koya wa ubansa sana'a, a karanto lissafi? Kafin ya zauna an ce ba shi da tarbiyya, an kai ƙararsa gida. Mun mayar da tambayar lissafi zagi. Abin da ba mu iya faɗa a zaure ba sai mu faɗe shi a teburin mai shayi, har ranar da tura ta kai bango. Ran nan kuwa ba a neman gyara, ɓallewa ake yi. A kafa sabuwar ƙungiya, a karɓo sabuwar takarda, a ɗinka sabbin riguna masu wata kala. Gobe magajin gari zai yi maganar wurin tsayuwar babura ko harajin rumfa, ya tarar da shugaba biyu kowa da tambarinsa, ya zaɓi wanda ya fi masa taushi. Lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa sun san ƙofar da za su ajiye buhun shinkafa. In rikicin ya kai ga dambe, dokar 1990 ɗin nan ta ba ministan harkokin cikin gida ikon dakatar da ƙungiya har wata uku.

Kada wani ya ce ciwon marasa boko ne. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Fecafoot, cike take da masu digiri da lauyoyi, amma rikicin zaɓenta ya sa FIFA ta naɗa mata kwamitin riƙo a 2013, ta sake naɗa wani a 2017.

Sai dai in yi wa shugabanni adalci. Aikin ba albashi. Da man babur ɗinsa yake zirga-zirga, shi ake tasa tsakar dare a ce jandarma sun kama yaro. Ga kuma wani abu da ba mu cika faɗa ba: a al'adarmu babu kalma mai daɗi ga wanda ya bar kujera da ransa. Sarki ko ya rasu ko an tuɓe shi, shi ya sa mutum ke ganin in ya sauka gari zai ce an kore shi. Ƙungiyar da ke son a riƙa sauka lafiya sai ta tanadi wurin sauka. A mayar da tsohon shugaba uban ƙungiya, a ba shi tabarmar gaba a kowane taro, a riƙa kai masa sulhu. Tambari da littafi kawai za su bar hannunsa.

Maganin sauran kuwa ba nisa. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka amince da ita a Lome ta ƙasar Togo ranar 15 ga Disamban 2010, kuma take aiki a ƙasashe 17 har da Kamaru da Cadi, ta ce kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa, ta kuma wajabta kwamitin sa ido dabam da masu gudanarwa. Ƙungiyar sana'a ko ba ta gama kai ba ce tana iya aron wannan. In ma dokar Lome ta yi muku nisa, ku leƙa adashin matanku. Uwar adashi a gaban kowa take zube kuɗi a tabarma, a ƙirga da ƙarfi, kowace ta ji da kunnenta, wadda ta makara a ci ta tara. Ba wadda ke cewa an zage ta don an ƙirga. Mazan ne in aka ce a ƙirga sai a fara zancen mutunci.

Na ce wa telan nan ya nemi kwafin tsarin mulkinsu, ya sa ɗan nasa da ke makaranta ya fassara musu a rumfa, layi-layi, da Hausa da Fillanci. Ya ce ai takardar tana gidan shugaba, wa zai je ya karɓo? Na ce masa ba sai ya je can ba. Dokar 1990 ta ce duk canjin shugabanni sai a sanar da Parfe cikin wata biyu, ta kuma ba kowane mutum damar zuwa ofishin ya duba tsarin mulkin kowace ƙungiya da sunayen masu riƙe da ita, har ya biya a yi masa kwafi. Ya yi shiru, ya tambaye ni ko sai da katin ƙungiya. Na ce doka cewa ta yi kowa. Ya ce Litinin in Allah ya kai mu zai rufe shago da hantsi ya je.