Me waya ta sani game da kai? Laccar da aka yi wa ɗaliban kwamfuta a Bauchi

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba ina gaisuwa, ƴan'uwa ɗalibai sannunku da haƙurin zama.

Duk wanda ya saba da mai shago ɗaya a kasuwar Wunti ya san abin da zan faɗa. Kana tsayawa zai ce maka Alhaji ga irin shaddar nan taka ta zo, bai tambaye ka ba, sayayyarka ta baya ce ya riƙe a kai. To abin da manhajojin waya ke son yi ke nan idan suka ce ga bidiyon da zai burge ka, sai dai su ba su taɓa ganin fuskarka ba, sawun da ka bari suke bi. Sawun da nake so mu duba yau shi ne alamar da mutum ke liƙa wa abu da hannunsa, wadda kuke ce wa tag.

Abin ya fara shahara ne tun 2003, lokacin da Joshua Schachter ya buɗe shafin Delicious, inda mutum zai ajiye adireshin shafin da ya ji daɗinsa ya sa masa kalmar da ya ga dama. Flickr ya biyo baya a 2004 da hotuna, sai a 2007 Chris Messina ya kawo shawarar sa alamar # a Twitter. Ba wani ma'aikacin laburare da ya tsara kalmomin, jama'a ne kawai.

Kowace alama abu uku ta ƙunsa: wane ne ya sa, a kan me ya sa, wace kalma ya sa. Ka ɗauki wata baiwar Allah a Yelwa, a wata guda ta sa #girki sau ashirin, #ɗinki sau takwas, #Yankari sau biyu. Na'ura za ta jera kalmomin nan kowace da nauyinta, wannan jerin shi ne furofayil ɗinta. Sai a kwatanta shi da alamomin da wasu suka sa wa sabon bidiyo, ko a nemo masu jeri irin nata a duba me suka so wanda ita ba ta gani ba tukuna. Amma fa ƙirga kawai ba ya isa, don idan kowa na sa #arewa to kalmar ba ta bambanta ta da kowa ba, wadda mutane kaɗan ke sawa ita ce ke faɗin ko ita wace ce. Wata masaniyar kwamfuta, Karen Sparck Jones, ce ta kawo wannan dabara a Ingila a 1972, a rage wa kalmar gama-gari nauyi a ƙara wa wadda ba a cika gani ba, kuma har yau ana aiki da ita.

To nan ne inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ku ɗauki kalmar masa. Mu nan Bauchi da an ce masa miyau ya tsinke, ga tanda ga miyar taushe, amma kalmar nan dai ita ce a cikin "na faɗa masa". Bakano kuma waina zai rubuta, abinci ɗaya suna biyu, na'ura ta ɗauka mutanen nan biyu ba abin da ya haɗa su. Ga ƙasa da kasa, yawancinmu ba ma sa ƙugiya a waya, sai mai maganar ƙasar noma da wanda ya kasa cin jarrabawa su faɗa kwando ɗaya. Wani ya rubuta kwalliya, wani kwaliya, wani ya sa da Turanci, wallahi duk wanda zai gina irin wannan manhaja don Hausawa bai fara zama ya haɗa kalmomin nan wuri guda ba, aikin banza zai yi, komai kyan lissafinsa. Kuma ba wanda zai zo daga Amurka ya yi mana wannan, ku ne kuka san masa da waina abu ɗaya ne.

Akwai batun lokaci ma. Yarinya ta yi wata uku tana sa alamar kayan ɗaki da lefe, an yi biki an watse, shekara ta zagayo ana ta nuna mata gado da labule. Dole tsohuwar alama ta riƙa rage nauyi. Sabon shiga kuwa da bai sa komai ba, sai a tambaye shi abin da yake so ko a fara masa da abin da jama'a suka fi kallo.

Wata ƴar'uwa a baya ta ɗaga hannu tana tambaya kan sirri. Tambayarki na kan hanya Malama. Gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da yara, idan matar ta bi alamar wata rashin lafiya da ba ta so a sani, gobe mijin na buɗewa tallan magani ne zai tare shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya da na addini cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, saboda haka idan za ku gina furofayil ku cire irin waɗannan alamomi tun farko, ku ba mutum damar ganin jerinsa ya goge wanda bai so. Na ga an kira la'asar, sauran tambayoyin sai mun dawo daga masallaci.